Kwana Biyar Daga Abuja Zuwa Duwatsun Filato Neman Kiɗa da Sana'ar Hannu: Ta Ina Zan Fara?

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah mazaunin Kubwa a Abuja. Ya ce yana da hutun kwana biyar a watan Agusta, yana so ya ɗauki maiɗakinsa da yaransa biyu a mota su hau duwatsun Filato, su ji kiɗan gargajiya ido da ido, su kuma sayo kayan sana'ar hannu. Yana son sanin hanyar da zai bi, inda zai tsaya, da ko lokacin ya dace.

Malam, sannu da himma. Ni haifaffen Jos ne, kuma na yi shekaru ina yawo ƙauye-ƙauye da na'urar ɗaukar murya ina naɗo kiɗa saboda shirin rediyo, don haka hanyoyin nan na san su da rani, na san su da damina. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: idan kiɗa ne babban abin da zai fito da kai, watan da ka zaɓa bai dace ba.

Kiɗan mutanen dutse ba ya zaman jiran baƙo a bakin titi. Gona yake bi. A Agusta ruwa ya kankama, yau da gobe sai an yi, kuma makaɗin da kake nema tun asuba yana cikin gonar acca ko masara ko dankalin Turawa. Manyan bukukuwan da ake fito da komai da komai galibinsu suna faɗowa ne tsakanin Maris da Mayu, kafin a duƙufa noma: Nzem Berom na Berom, Puus Kaat na Mwaghavul a Mangu, Pusdung na Ngas a Pankshin, Ilum Otarok na Tarok a Langtang. Sai kuma bayan kaka, daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da rumbu ya cika, 'yan birni sun dawo gida Kirsimeti, ana ta bukukuwan aure. Afizere ma wajen sabuwar shekara suka saba yin nasu, Igoon Izere. Ranakun ba a kafe suke ba. Kwamitin kowace ƙabila ne ke sanarwa duk shekara, wani lokaci kuma a ɗaga saboda rasuwar wani babba ko saboda tsaro. In da hali, ka nemi a mayar maka da hutun zuwa Afrilu ko ƙarshen Disamba.

Ni kaina sai da na sha wannan darasi. Farkon fara aikina na tafi wani ƙauye bayan Pankshin a tsakiyar damina, an ba ni labarin wani dattijo mai kaɗa molo. Na isa da hantsi, gari tsit, daga awaki a ɗaure sai wata tsohuwa tana tsince wake. Na zauna kan dutse har la'asar sakaliya kafin ya dawo, garma a kafaɗa, ƙafafu duk taɓo. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi dariya, ya shiga madafa ya ciro molon daga jikin jinka inda hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Ya taɓa tsirkiya ɗaya, ta yi wani lub kamar an taɓa jiƙaƙƙen zare. Danshi ya kashe muryar. Sai da ya tona garwashi ya yi ta juya shi a sama-sama kusan rabin sa'a kafin ta dawo. Ya yi mini waƙa biyu, ya ce gobe yana da noma, sai da safe. Kwana biyu na kashe saboda minti goma sha.

Af, kada sunan ya ruɗe ka. Molon Ngas ba irin molon Hausa ba ne mai ƙoƙo da wuya da tsirkiya uku. Shi wannan karare ne sirara ake jerawa a ɗaure su gefe da gefe kamar ƙaramin asabari, a ɗago ɓawon jikinsu ya zama tsirkiya, a cusa ɗan kara a ƙarƙashi ya ɗaga su. Da manyan yatsu ake taɓa shi, muryarsa kuma ƙasa-ƙasa ce, ta ɗaki, ba ta dandali ba. A filin biki ganga za ta danne shi. Wanda ke son jin sa sai ya je gida.

To idan Agustan ce dole, ba a rasa nono a ruga. Hedikwatar manyan coci-cocin nan biyu, COCIN da ECWA, duk a Jos suke, kuma ƙungiyoyin Zumuntar Mata na coci-cocin nan su ne suka riƙe kiɗan gargajiya fiye da kowa, rani da damina. Da tukwanen ƙasa suke kiɗa, ana buga bakin tulu da faffaɗan abu mai taushi ya ba da wata murya mai zurfi da kake ji a ƙirji, ga caki ga ƙananan ganguna, waƙoƙin kuma da yawansu da Hausa ne. Idan kai Musulmi ne ba lallai sai ka shiga sujadar Lahadi ba. Suna da ranar gwaji a tsakiyar mako, kuma in aka bi ta hannun wanda suka sani, da murna za su ba iyalinka benci. Haka nan bikin aure ba ya yankewa a cikin gari.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi taswira muhimmanci, wato ɗan gari. Kafin ka tayar da mota ka samo mutum ɗaya ɗan asalin yankin da za ka, kuma a Abuja wannan ba wuya, kusan kowane ofis akwai ɗan Filato. Ka ce ya haɗa ka da ƙaninsa ko kawunsa na gida. Shi zai san gidan da ake biki ranar Asabar, shi zai kai ka gaisuwa wurin mai unguwa, shi zai gaya maka hanyar da ba a bi wannan makon. Ba zan ɓoye maka ba, jihar nan ta sha rikici: 2001, 2008 da 2010 a Jos, sannan hare-haren Mangu a 2023 da na Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimetin shekarar. Yawancin ranaku lafiya lau ake kasuwa ake noma, amma labarin wata uku da suka wuce ba ya amfani, na safiyar ranar ake nema. Ka'idata ba ta canzawa: ba na tafiyar dare, ƙarfe biyar na yamma ta same ni a masauki, ba na kuma ratse wa babban titi sai da ɗan gari a gefena.

Yanzu hanya. Tun kafin ranar tafiya, ka ɗauki wata Asabar ka kai yara Ushafa, nan kusa da ku ta wajen Bwari, inda Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Su ga yadda mata ke gina tukunya da hannu. Ka ciro naira ashirin ka nuna musu hoton da ke baya: Ladi Kwali ce, Bagwariya daga Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, ta kai zanen ƙadangare da kunama da kifi na tulunan Gwari har Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. In sun ga wannan, za su san abin da suke kallo idan sun hau dutse.

Ranar tafiya ka fita da an idar da sallar asuba, don cunkoson Nyanya da Mararraba shi kaɗai yana iya cinye maka sa'a guda. Daga Keffi zuwa Akwanga titi tagwaye ne, babu damuwa. A Akwanga ka cika tanki, ku karya, ka duba ruwan lagireto. Daga nan hanya ta koma guda ɗaya, ta ratsa kudancin Kaduna ta Gwantu, har mahaɗar da direbobi ke kira Fores, sai Hawan Kibo. Gaba ɗaya tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, amma ka ware mata sa'a biyar, da shingayen jami'an tsaro da tsaye-tsayen yara. Takardun mota su zama a hannu.

Hawan Kibo shi ne wurin da za ka natsu. Hawa ne mai tsawo da kwana-kwana, tireloli na jan ciki kamar kunkuru, kuma da damina hazo kan sauko ya rufe gaba har ba ka ganin motar da ke gabanka. Kada ka yi gigin wuce tirela a kwana, komai yadda na bayanka ya dame ka da hon. A nan kusa magangarar ruwan Assop take, wurin shan iska mai kyau, sai dai a Agusta ruwan da ƙarfi yake zuwa, duwatsun kuma santsi gare su, don haka kallo kawai, hannun yaro a cikin naka. Da ka gama hawa za ka ji iska ta sauya, ka kashe na'urar sanyaya mota ka sauke gilashi. Ga Dutsen Riyom can, manyan duwatsu ɗaya bisa ɗaya kamar wani ne ya ɗora su da hannu, ga gidaje da shingen kyarana maimakon danga. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku. Ku taho da rigunan sanyi ko da wane wata ne, in kuma Disamba ce, har da hula da safa.

Za ka riƙa ganin tafkuna masu ruwa shuɗi-shuɗi a gefen hanya daga Bukuru zuwa Barikin Ladi. Ramukan haƙar kuza ne tun zamanin Turawa, masu zurfin gaske, kuma sun ci rayuka. Hoto daga nesa ya isa.

Kwana na biyu na cikin gari ne, kuma ka fara da gidan adana kayan tarihi, wanda Baturen Ingila Bernard Fagg ya kafa a 1952. Kuzar nan ce silar kafa gidan, don a wajen haƙarta ne aka fara cin karo da mutum-mutumin ƙasa kusa da ƙauyen Nok a 1928, aikin da ya haura shekara 2,000. Abin da nake so ka ba lokaci shi ne zauren tukwane, inda aka tara tuluna da randuna daga sassan ƙasar nan. Ka dubi wuya, ka dubi gindi, ka dubi kaurin baki. Ido ne kake wasawa kafin ka shiga kasuwa. A gefe guda kuma akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. Yara kan so wurin.

Da rana ku gangara Naraguta, ta wajen jami'a, wurin dukawa. Nan ka zauna, kada ka yi sayen tsaye. Fatar kirki da bagaruwa ake jeme ta, jan launin nan na asali kuma daga karan dafi yake fitowa, kuma hancinka zai gaya maka kafin idonka. Ka juya cikin jakar: fata tana da gashi-gashi a bayanta, leda kuwa za ka ga zare kamar na yadi. Ka duba ɗinki, na hannu ba ya daidaita tsaf kamar na keke, amma ya fi riƙo. Idan tumtum kake so, ka saye shi babu cushe, ya kwanta a but, in ka koma gida ka cika shi da tsummoki. Abin da na fi so a wurin shi ne kana iya ba da aiki: ka auna ƙafar yara yau, ka karɓi takalma ranar komawa. Ciniki kuwa a yi shi, al'ada ce, amma wanda ka ga ya kwana biyu a kan abu da basilla a hannu, kada ka taya shi kamar kana taya tumatir a kasuwar kayan gwari ta Farin Gada.

Gargaɗi biyu a nan. Za a iya tare ka da wani kan mutum-mutumi a cikin tsumma a ce na Nok ne, daga rami aka ciro. In jabu ne ka yi asarar kuɗi, in na gaske ne ka sayi rigima, don dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta hana cinikin irin waɗannan kaya. Haka masu duwatsu masu daraja a cikin ƙyalle. Akwai na gaske a Filato, amma wanda bai san su ba kwalba zai saya.

Kada kuma ka ɗauka kiɗan Jos na ƙabilun dutse ne kaɗai. Kuza ta jawo Hausawa tun farkon ƙarni na 20, suka zo da kalangunsu da gogensu, kuma garin nan ne ya ba duniya Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a watan Yunin 2015. Kuntiginsa ɗan gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya ɗaya tal, amma da shi ya zaga duniya yana waƙar talaka. Ka tambayi dattawan cikin gari, wajen Bauchi Rod ko Gangare, za a nuna maka masu taɓa irin kayan nan har yanzu, kuma in ka dace da bikin mahauta za ka ji kalangu yana kiran sunan mutum tiryan-tiryan.

Kwana na uku ka nufi gabas, duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, da ƙasar Afizere ta wajen Fobur. Su ne masu rawar Asharuwa: samari a jere, kowa da sarewarsa a baki, kacau-kacau a ƙafa, suna busa suna taka rawa lokaci guda ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Akwai wani salo da za ka ci karo da shi a wurare da dama a Filato, wanda sai ka matsa kusa za ka gane sirrinsa. Daga nesa za ka rantse mutum ɗaya ne ke busa waƙa. Da ka shiga tsakiyarsu sai ka ga kowane mutum murya ɗaya tak yake da ita a bututunsa ko ƙahonsa, yana jira gurbinsa ya zo ya jefa ta, na kusa da shi ya ɗora tasa. Mutum ɗaya ya makara, waƙa ta yi giɓi, kowa ya juyo ya harare shi. Shi ya sa ba a iya kiran mutum biyu otal a ce su yi maka. Sai gayya ta cika.

Na Berom kuwa kundung ne. Katakai ne a jere daga babba zuwa ƙarami, ƙarƙashin kowanne an rataya ƙahon saniya daidai girman muryarsa, ana bugawa da 'yan sanduna. Ka roƙi makaɗin ya juya maka shi ka ga ƙahonin, yara za su yi mamaki. Shi kam ba ya wuyar samu, ana kaɗa shi a coci da wurin biki da tarbar manyan baƙi.

Kwana na huɗu ita ce doguwar tafiya, kuma in ka iya daidaita ta da Juma'a ka ci riba, don ranar ce kasuwar Mangu ke ci. Daga Bukuru ka bi Mararrabar Jama'a, ka wuce Heipang inda filin jirgin sama yake, sai Barikin Ladi, sai Mangu. Kada ka tsaya layin masara, ka nemi can gefe inda mata ke baje tukwane da kwanduna da faya-fayai, da inda maƙera ke jera garemani. Kayan nan ba don baƙi aka yi su ba, don aiki aka yi su, shi ya sa suka fi na shagon tsaraba kyau da araha. Tukunya ka ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa: mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Baƙin sheƙin da za ka gani a jikin wasu ba fenti ba ne, makuba ce, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa tukunya tana fitowa daga wuta da zafinta. Daga Mangu sai Panyam mai tafkunan kiwon kifi, kusa da nan kuma tsaunukan Kerang, tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka mutu tuntuni, inda ake ɗibar ruwan gora na kamfanin Swan. Pankshin tana da nisan kimanin kilomita 120 daga Jos, kuma hawanta da gangarenta sun fi ko'ina kyau a idona. Can ma za ka ga yadda ake jera duwatsu hawa-hawa a jikin tudu don a tare ƙasa a yi noma.

Za a ce maka ka ƙarasa Dutsen Wase. Yana da kyau ƙwarai, amma ya haura kilomita 200 daga Jos, kuma da yara biyu da kwana biyar, wahala za ka saya. Bar shi sai wani zuwan.

Sauran maganar ladabi ce, kuma ita ke buɗe ƙofa. Ka kira mutane da sunan da suke kiran kansu: Ngas maimakon Angas, Mwaghavul maimakon Sura, Afizere maimakon Jarawa, Tarok maimakon Yargam, wanda da yawansu ba sa son ji ko kaɗan. Hausa kusan kowa na ji, amma ka koyi gaisuwa ɗaya da harshen gari ka ga yadda fuska ke sakewa. Ka fara da gidan mai unguwa da ɗan goronka. Kada ka ɗaga waya ka hau ɗauka sai ka nemi izini, kuma in za ka sa a YouTube ko TikTok ka faɗa tun farko. Akwai dodanni da ba a ɗauka hoto, akwai waɗanda mata da baƙi ba sa gani sam, don haka in ɗan gari ya ce Hajiya da yara su koma mota, a koma, ba raini ba ne. A wurin biki za a iya miƙo maka ƙwaryar burkutu. Ba sai ka ɓata rai ba, ka dafa ƙirji ka ce na gode ba na sha, za a kawo maka kunu. Nama kuma ka tambaya kafin ka ci, ba wanda zai ji haushi. Gwaten acca da ganye dai kada ka bari ya wuce ku.

Makaɗi kuwa a biya shi. Liƙi daban, sallama daban. In ka sa an tara maka mutane, sun bar aikinsu ne, don haka ku yi magana ta bakin ɗan gari tun kafin a ɗaga ganga, kuma ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don a ƙauyuka da yawa sabis sai an hau dutse, balle tiransifa. In ka koma gida ka tura musu abin da ka ɗauka ta WhatsApp ɗin wani yaronsu. Dattijon nan mai molo, da na koma bayan shekara da kaset ɗinsa, sai da ya tara jikokinsa aka saurara sau uku.

Ranar komawa ka bar Jos kafin goma na safe, bayan ka biya Naraguta karɓar takalma da Farin Gada sayen kabeji da karas. Tukwane kada su shiga but. Na taɓa sayen wata randa mai kyau a Mangu, na kwantar da ita kusa da safaya taya, kafin Akwanga ta zama sakaina. Ka cusa tsummoki a cikinta, ka naɗe ta da bargo, ka zaunar da ita a kujera ka ɗaura mata bel kamar fasinja. A gangaren Hawan Kibo kuma ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, kada ka kwanta kan birki har ya yi zafi ya ƙi kamawa. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida Hajiya da yara.